BAƘIN LALLE BA LALLE BA NE: JAN KUNNE GA MAGIDANTA KAFIN ƘUNSHIN SALLAH

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

  

Karatunmu na yau kan lalle ne. Na san wani maigida zai ce, "Malam, ai wannan zancen mata ne." To ka dakata tukuna. Kai ne kake ba da kuɗin ƙunshi, kai ne kuma za a tasa cikin dare idan hannun yarinya ya kumbura. Ƙari a kan haka, abin da zan yi bayani a kansa yana nan a gemun da yawa daga cikinmu, ba mu sani ba.

*ABIN DA YA FARU A GIDANA*

Ba zan ɓoye muku ba, a cikin gidana na koyi wannan darasi, nan Unguwar Rimi.

Wata Sallah ƙarama da ta wuce, jikata 'yar shekara tara ta zo ta durƙusa, ta ce, "Kaka, kuɗin ƙunshi." Na ba ta da hannuna. Aka kai su gidan wata mai zane, aka yi musu fulawa baƙi wuluk tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ranar idi ta zo tana nuna mini, na sa mata albarka. Aka yi Sallah lafiya, aka gama yawon Sallah lafiya.

Kwana na takwas sai ta fara susa. Kwana na tara wurin ya yi ja, ya tasa. Uwarta ta kawo mini ita, ta ce, "Baba, ko lallen ne?" Na ce ina! Lallen da aka yi fiye da mako guda? Da shi ne ai da tun ranar ya nuna. Na ɗauka borin jini ne, na ɗauko man habbatus sauda na shafa mata da hannuna. Wallahi da gari ya waye hannun ya ƙara haukacewa, ya yi bororo, ruwa yana tsattsafowa. A nan na lura da abin da ya kashe mini jiki: bororon nan bai kauce wa zanen ba ko kaɗan. Inda aka ja ganye, ganye ya fito, inda aka ɗiga ɗigo, ɗigo ya fito, kamar an bi zanen da wuta.

Muka tafi asibiti. Likitar da ta duba ta, kallo ɗaya ta yi ta ce, "Baba, dayis ne." Aka ba ta magani, ta samu sauƙi cikin makonni, amma shatin fulawar nan ya zauna a hannunta fari-fari wata da watanni kafin ya dishe. Likitar ta kuma ce mana kada ta sake kusantar baƙin rini har ƙarshen rayuwarta.

Shekarata sittin da 'yan kai, na yi shekaru ina ba mutane magani, amma ranar na zama ɗalibi. Na koma na yi tambaya, na yi karatu. Abin da na fahimta shi nake so in isar muku, don kada wani ya yi kuskuren da na yi.

*LALLE NA GASKIYA*

Lalle ganyen bishiya ne da kowa ya sani, Larabawa suna ce masa hinna. Ana shanya ganyen, a daka, a tankaɗe, ya fito gari kore mai ƙamshin ɗanyen ganye. A cikinsa Allah Ya sanya wani sinadari mai launi, masana suna kiransa loson. Shi ne yake kama fatar sama da farce da gashi. Yana kamawa ne a hankali, shi ya sa iyayenmu suke ƙunsa ƙafa su kwana da shi, hannu kuma a zura shi a zunguru. Idan aka cire sai ka ga ruwan goro, bayan kwana ɗaya zuwa biyu ya nuna ya yi ja mai duhu.

Lalle yana da asali a addini. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Salma, mai yi wa Manzon Allah (SAW) hidima, cewa yakan sa a ɗora lalle a kan rauni. Ya tabbata kuma Sayyidina Abubakar (RA) yana rina furfurarsa da lalle haɗe da wani ganye mai suna katam. Ibnul Ƙayyim ya keɓe wa lalle bayani a littafinsa na magungunan Annabi. Da wuya ƙwarai ka ga wanda zallan lalle ya tayar wa da ƙuraje.

Ku riƙe wannan da kyau: ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Iyakarsa ja, ko ja mai duhu kamar dabino. Duk zanen da ya fito baƙi ƙirin cikin minti ashirin ko talatin, to wani abu ne ya yi wannan aiki.

*TO MENE NE A CIKIN BAƘIN?*

Abin da masu zane suke kira dayis rinin gashi ne. Wani yana zuwa gari a 'yar kwalba ko 'yar leda, wani kamar dutse a daka shi, wani an riga an kwaɓa shi a cikin ƙunshin leda mai tsini an rubuta masa baƙin lalle. Wasu masu zane suna kwaɓa shi da ruwan haidurojin don ya yi saurin kamawa. Sinadarin da yake ba da baƙin, sunansa farafenilin-dayamin, a jikin kwali za ku ga an taƙaita shi da haruffa uku: PPD. Ba daga ganye yake ba, a masana'anta ake haɗa shi. Da shi da danginsa ake rina gashi da fatu da tufafi, ana kuma sa danginsa a cikin baƙar roba irin ta taya.

A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta yarda a sa shi a rinin gashi kawai, kuma kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an kwaɓa. An wajabta wa kamfani ya rubuta gargaɗi a kwali cewa ba na 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne, kuma wanda ya taɓa yin zanen baƙin lalle yana cikin ƙarin haɗari. A Amurka hukumar kula da abinci da magunguna ba ta amince a ɗora shi kai tsaye a kan fata ba. A shekarar 2010 an buga wani bincike da aka yi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, aka auna baƙin lallen da ake yi wa mata a shagunan kwalliya, aka samu wani yana ɗauke da kusan kashi 30 cikin 100. Ku kwatanta 2 da 30. Abin da aka yi don gashi, a wanke bayan ɗan lokaci, shi muke ninka ƙarfinsa mu kwantar a fatar yarinya ƙarama har ya bushe.

Ɗan Adam dai bai cika gamsuwa da launin da aka ba shi ba. Turawa suna shiga wani ɗan ɗaki a fesa musu wani sinadari mai suna DHA don fatarsu ta yi duhu na kwana biyar zuwa mako guda, wasunsu su fito da ƙuraje da ƙaiƙayi saboda turare da sauran abubuwan da ake gaurayawa a ciki. Mu kuma a nan wasu suna shafa mai don su yi haske, wasu suna zana baƙi a kan fata. Sai dai a wajen tayar da fata, namu dayis ɗin ya fi nasu feshin haɗari nesa ba kusa ba. Ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan ciwon fata ta zaɓi PPD a shekarar 2006 a matsayin sinadarin da ya kamata a ja hankalin jama'a a kansa.

*YADDA YAKE YI WA JIKI*

Allah Ya sanya mana garkuwa a jiki, kamar 'yan sintirin unguwa. Aikinsu su gane baƙo mai cutarwa su far masa. Idan dayis ya kwanta a fata, wani sashi nasa yana ratsawa ciki ya manne da naman jiki. Sai 'yan sintirin nan su ɗauke shi, su kai rahoto, su haddace kamanninsa. Wannan haddar tana ɗaukar kwanaki, shi ya sa a karon farko ciwon yakan fito ne bayan kwana 4 zuwa 14. Nan ne na ruɗe a kan jikata. Nan ne kuma mutane da yawa suke ruɗewa, su ce sammu ne, ko baki, ko kishiya ce, ko wani abinci aka ci a gidan biki.

Da zarar jiki ya haddace, ba ya mantuwa. A karo na gaba ba sai an jira mako ba, cikin kwana ɗaya zuwa uku abin zai tashi, wani lokaci cikin awoyi, kuma yakan fi na baya muni. Likitoci suna kiran wannan alaji. Ana maganin ƙurajen su warke, amma ita haddar tana nan, yawanci har tsufa.

Akwai maganar da nake yawan ji: "Malam, ni fa shekara goma ina yi, ban taɓa ganin komai ba." Alhamdu lillahi, Allah Ya ƙara tsarewa. Amma ki sani, 'yar'uwa, ba kowa jikinsa yake kamawa a karon farko ba. Wata sai a na biyar, wata sai a na ashirin. Kowane zane ƙarin dama ne ga jiki ya haddace. Kullum ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Wanda jikinsa ya riga ya kama, matsalarsa ba ta tsaya ga ƙunshi ba. Rinin gashi zai iya kumbura masa kai da fuska har ido ya rufe. Wasu sukan samu ƙaiƙayi daga tufafi masu baƙin rini ko daga baƙar roba. Wasu kuma jikinsu yakan ƙi wasu magunguna masu kama da wannan sinadari, kamar wasu daga cikin na kashe zafi da ake shafawa, da dangin salfa. Saboda haka duk wanda abin ya taɓa samu, ya riƙa gaya wa likita kafin a rubuta masa magani.

A Ingila an yi wata mata da ta rasu a 2012 bayan ta yi shekara guda a sume sakamakon rinin gashi. A binciken da kotu ta yi a 2015 an bayyana cewa ta yi zanen baƙin lalle a Dubai a 2007, kuma bayan nan tashin da jikinta yake yi idan ta yi rini ya ƙaru. A Sudan, inda matanmu suka koyo dilka da halawa da yawancin salon gyaran amare, likitocin Khartum sun rubuta labarin yara 31 da aka kawo asibiti tsakanin 1984 da 1989 saboda gubar wannan rini, 13 daga ciki suka rasu. Idan aka sha shi, ko ya shiga jiki da yawa, yana kumbura harshe da maƙogwaro, yana narkar da tsoka, yana kashe ƙoda. Don Allah duk gidan da ake ajiye dayis, a ɗaga shi inda hannun yaro ba zai kai ba.

*ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU*

1. Ƙaiƙayi mai tsanani ko raɗaɗi a daidai wurin zane.
2. Wurin ya yi ja ko ya yi duhu, ya tasa, yana bin layin zanen.
3. Ƙananan ƙuraje masu ruwa, ko bororo manya.
4. Ruwa yana fita, ɓawo yana kamawa.
5. Wani lokaci ƙurajen su bazu har inda ba a yi zane ba.
6. Bayan an warke, tabo ya rage, fari ko baƙi. A irin fatarmu tabon yakan daɗe, ga wasu kuma yakan yi tudu ya ƙi kwanciya.

Waɗannan kuma alamomin gaggawa ne, ba a jiran gari ya waye:

• Kumburin fuska, leɓe, harshe ko wuya.
• Numfashi yana sarƙewa, ko murya ta shaƙe.
• Jiri, suma, ko amai babu ƙaƙƙautawa.
• Fitsari ya koma launin baƙin shayi, ko ya ragu sosai.
• Zazzaɓi tare da mugunya a wurin ciwon.

Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a ɗauki mutum a nufi sashen gaggawa. Mu da muke wannan yanki, Asibitin Koyarwa na Barau Dikko yana kusa da mu. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya.

*ABIN DA ZA A YI A GIDA*

Idan ana cikin zane aka ji zafi ko ƙuna, a tsaya nan take, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu marar ƙarfi. Kada a bari mai zane ta ce, "Yi haƙuri, kamawa yake yi." Lalle na gaskiya sanyi ake ji da shi.

Idan kuma bayan kwanaki ne ya tashi:

1. A cire zobe da awarwaro tun kafin kumburi ya riƙe su.
2. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora minti goma zuwa sha biyar, sau uku ko huɗu a yini.
3. A yanke wa yaro farce don kada ya yaga wurin da susa.
4. Kada a fasa bororo. Fatar da ta rufe shi ita ce murfin da yake hana ƙwayoyin cuta shiga.
5. A ɗauki hoton wurin da waya, a riƙe kwalin ko ledar abin da aka yi amfani da shi idan akwai, a je wa likita. Yawanci yakan ba da man shafawa mai kwantar da kumburi na 'yan kwanaki, da ƙwayar rage ƙaiƙayi, idan wurin ya harbu ya ƙara da maganin ƙwayoyin cuta.

Yanzu ga abin da ba a yi, kuma mai maganin gargajiya ne yake gaya muku. Kada a shafa lemon tsami, ko tafarnuwa, ko kanwa, ko toka, ko man goge baki, ko kananzir. Kada a dirje wurin da soso ko dutse wai don zanen ya fita, sinadarin ya riga ya shige ciki. Kada a shafa man habbatus sauda a fatar da ta tashi. Habbatus sauda albarkarta tabbatacciya ce, amma manta yana da zafi, kuma shi kansa an samu waɗanda yake tayar wa da fata. Kowane magani da muhallinsa. Ni na yi wannan kuskure, na kuma nemi gafarar Allah da ta yarinyar. Haka nan kada a je kemis a sayo irin man nan mai haɗi uku da wasu suke shafawa don haske, a yi ta labtawa babu ƙa'ida. Yana sirantar da fata, yana ɓoye ciwo.

Namu na gargajiya yana shigowa ne bayan wurin ya rufe ya bushe. A lokacin man kaɗanya mai kyau, wanda ba a sa masa turare ba, yana tausasa fata ya rage tsagewa. A riƙa rufe wurin daga rana, don rana tana ƙara wa tabo duhu. A yi haƙuri da tabon, kada a bi shi da man bilicin.

*ALWALA DA SALLAH FA?*

An sha tambayata wannan. Launin lalle ba ya hana ruwa taɓa fata, saboda haka alwala da wanka sun inganta a kansa bayan an wanke ƙullun. Amma irin wanda yake bushewa ya zama kamar leda a kan fata, ana ɓare shi, wannan shamaki ne, sai an cire.

Wadda hannunta ya yi ciwo kuma, addini bai ƙuntata mata ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani a babin shafa a kan ɗauri: idan wanke wurin zai cutar ko ya jinkirta warkewa, sai a shafa da jiƙaƙƙen hannu sau ɗaya. Idan shafar ma za ta cutar, a shafa a kan bandejin da aka ɗaure. Sauran gaɓoɓi masu lafiya a wanke su yadda aka saba. Idan ciwon ya game har ba ta iya taɓa ruwa, ta tambayi malamin da yake kusa game da taimama. Kada wata ta bar sallah saboda wannan.

*KAI MA MAIGIDA*

Na ce abin yana gemunmu. Baƙin da ake shafa wa furfura, da wanda mai aski yake gyara wa samari layin goshi da saje da shi, yawancinsa wannan sinadari ne. Na ga dattijo da haɓarsa ta kumbura tana ruwa, yana cewa reza ce ta harbe shi, alhali rini ne.

A ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, an kawo wa Annabi (SAW) Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat. Muslim ya ruwaito cewa ya yi umarni a canza furfurar, amma a nisanci baƙi. Mai Risala, Ibnu Abi Zaid, ya tafi a kan cewa rina gashi da baƙi makaruhi ne bai kai haram ba, kuma babu laifi a yi da lalle da katam. Wasu malaman sun tsananta fiye da haka. Wannan saɓani a kan launi ne. Idan kuma ya tabbata abu yana cutar da jikinka, to an shiga wani babi, domin ƙa'ida ce a shari'a cewa ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. Jikin nan amana ne, za a tambaye mu.

*GA 'YAN'UWA MASU SANA'AR ƘUNSHI*

'Ya'yana, ban zo don in kashe muku kasuwa ba. Na san da yawanku da wannan sana'a kuke ciyar da marayu, kuke biyan kuɗin makaranta. Na kuma san yawancinku ba ku san abin da yake cikin kwalbar ba, yadda kuka gani a kasuwa haka kuka saya. Amma yanzu kun ji. Wanda ya san aibin kayansa ya ɓoye wa mai saye, ya shiga cikin algus da aka hana.

Ku ma kanku kuna cikin haɗari fiye da kowa, don kullum hannunku yana ciki. Mai zanen da yatsunta suke tsagewa suna ƙaiƙayi ba sa jin magani, ta binciki dayis. Zanen fulawa yana fita da kyau da jan lalle idan an tankaɗe shi da laushi an kwaɓa da ruwan lemon tsami kaɗan da sukari, an bar shi ya tsima. Yana cin lokaci, gaskiya ne. A fara da wuri, kada a bari sai daren Sallah. Masu sa gishirin lalle don ƙafa ta yi duhu, shi wani abu ne daban da dayis, amma shi ma idan ya yi yawa ko ya daɗe yana ƙona fata, a kiyaye. Kananzir da fetur kuwa ba su da gurbi a cikin lalle ko kaɗan.

*YADDA ZA A GANE KAFIN A MIƘA HANNU*

• A nemi ganin garin kafin a kwaɓa. Lalle kore ne, ƙamshinsa na ganye. Dayis baƙi ne ko toka-toka, wani ba shi da ƙamshi, wani yana warin sinadari.
• A tambaya: minti nawa zai kama? Idan aka ce ƙasa da awa ɗaya kuma baƙi zai fito, a janye hannu.
• A tambaya: wane launi zai bari idan an wanke? Lalle ruwan goro yake fara bari.
• Idan na kwali ne, a duba ko an rubuta PPD, a duba lambar hukumar NAFDAC. Amma a sani, lambar da aka ba rinin gashi ba izini ba ce na zana shi a fata. Hoton ganye a kwali, ko rubutun Larabci, ko cewa daga Saudiyya ko Dubai aka kawo, duk ba hujja ba ne. Ko a kasuwar Unguwar Rimi aka saya, ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko tsarabar Umara ce, a duba.
• Jan lalle na cikin leda mai tsini da yake kamawa cikin minti biyar, shi ma akwai rini a ciki. Abin da ya fi aminci a sayi ganye ko gari a kwaɓa a gida.

Wani zai ce a ɗan gwada dayis a bayan kunne a gani. Ga zanen fata wannan ba mafita ba ce. Gwajin da kansa yana iya zama karon da jiki zai haddace, kuma ciwon yana iya jinkiri har mako biyu, bayan an riga an yi zanen.

Ƙarin jan kunne ɗaya game da jarirai. Ko jan lalle na gaskiya kada a shafa wa jariri. Akwai wani rauni na jini da ake gado, likitoci suna kiransa ƙarancin G6PD, yana da yawa a ƙasarmu, musamman ga 'ya'ya maza. Jaririn da yake da shi, lalle yana iya farfasa masa ƙwayoyin jini, idonsa ya yi ɗorawa, shawara mai tsanani ta kama shi. Yawancin iyaye ba su san ɗansu yana da shi ba. A bar ƙunshin suna ga mai jego.

*ABIN DA NAKE ROƘO*

Maigida, idan za ka ba da kuɗin ƙunshi bana, ka haɗa da tambaya ɗaya: ja ne ko baƙi? Kada ka yi da faɗa. Ka zaunar da iyalinka ka karanta musu wannan, ko ka tura wa uwargida ta karanta da kanta. Uwar amarya, ke ma ki tuna ana yin ƙunshi kwana biyu ko uku kafin ɗaurin aure, ciwon kuma yakan fito ne a makon farko ko na biyu a ɗakin miji, lokacin da yarinya take jin kunyar faɗa wa kowa. Ki gaya mata tun a gida cewa idan ta ga wuri ya tashi ta yi magana.

Jikata yanzu ta girma kaɗan. Duk Sallah kakarta ce take daka mata lalle a turmi, ta ƙunsa mata ja. Ƙawayenta sukan ce irin na tsofaffi ne, ita kuma sai ta nuna musu bayan hannunta, inda har yanzu idan ka ƙura ido za ka ga inuwar ganye ɗaya.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mini. Wannan bayani faɗakarwa ce, ba ya maye gurbin ganin likita. Wanda yake da tambaya ya turo, za mu amsa gwargwadon sani bayan sallar isha'i in sha Allahu. A tura wa 'yan'uwa da maƙwabta, musamman gidajen da ake shirin biki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana zuri'a, Ya nuna mana Sallah lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗan'uwanku a Musulunci,
daga Unguwar Rimi, Kaduna.